Ƙwallon Dabino a Kofin Isufu

A shekarar da aka kankare alamomin tazara daga daɓen Harami bayan annobar korona, kafaɗa ta koma tana gogar kafaɗa a sahu, a shekarar ce Allah Ya sauke ni a Makka. Ban zo da kaya masu yawa ba. Jaka ɗaya ce, da riguna a ciki, da alƙaluman kara, da kwalbar tawada da na naɗe a tsumma. Abin da ya fi nauyi ba a jaka yake ba, alkawari ne.

Alkawarin na Malam Na Soro ne. Shi ya koya mini ajami, shi ya koya mini auna baiti, a soron gidansa a garinmu cikin ƙasar Kano. Idonsa ya tafi da daɗewa, ƙafa ma ta ƙi, kuma Allah bai nufe shi da zuwa hajji ba. Da ya ji zan taho neman aiki, sai ya ce, "Haladu, ba na son dabino, ba na son carbi. Ka kawo mini Makka a kunne. Amma kada ka aiko mini waƙa tsirara."

A wurinsa, waƙar da ba ta da ɗan amshi tsirara take. Yakan ce mai waƙa shi kaɗai mai da'awa ne kawai, sai wani ya karɓa masa amshi sannan ya samu shaida. Na ce masa in Allah Ya yarda. A raina ina ganin abu ne na mako biyu, don tun kafin in taso na riga na tsara rabin waƙar.

A Kudai, tashar motocin Makka, aka fara nuna mini inda na zo. Dillalin da ya shirya mini takardu a gida ya rantse cewa aikin alƙalami zan yi, a wani shagon littattafai kusa da Harami, ina rubuta wa alhazai sunayensu a kan tsarabarsu. Ya ce da na sauka a tasha za a tarye ni. Na tsaya tun hantsi har rana ta karkata. Motoci na shiga suna fita, ana ta ihun "yalla, yalla", ni kuwa ina rungume da jaka kamar wanda aka ba ajiya. Lambar dillali a kashe. Can sai ga wani mutum mai gajeren haƙuri, ya dubi hotona a wayarsa, ya dube ni, ya karɓe fasfona ya cusa a aljihu.

Na haɗa 'yar Larabcina ta littafi na tambaye shi shagon da zan yi aikin alƙalami. Ya yi dariya har da dukan sitiyari.

"Galam? Mafi galam, ya haj. Fi makwa."

Wato ba alƙalami, sai makwa. Makwa dai dutsen guga ne. Ranar na koyi kalmar, ban kuma sake mantawa da ita ba.

Aikin a unguwar Jarwal yake, a ƙarƙashin wani masaukin alhazai. Gidan wanki ne da aka haƙa a cikin ƙasa, injuna na gurnani, tururi na tashi. Abokan aikina mutanen Bangaladash ne, mutanen kirki, amma da hannu muke magana. Taga ɗaya ce, tana can sama daidai da titi, ba ka ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Idan aka kira salla a Harami, kiran yakan shigo ta nan, ƙafafun su ƙara sauri, mu kuwa mu shimfiɗa kwali a tsakanin tulin wanki mu tayar. Ban da umarar da na yi a gurguje a makon farko, na daɗe ban sake ganin Ɗakin Allah ba. Igamata, wato takardar zama, ta ƙi fitowa, kuma wanda ba shi da ita ba ya yawo yadda ya so. Duk ranar da na tambayi mudir, shugaban wurin, amsarsa ɗaya ce: "Bukura, insha Allahu." Na gane cewa goben Jarwal ba irin ta garinmu ba ce, ba ta wayewa.

Ban taɓa jin takaici irin wannan ba. Mutum yana ƙasar Kano yana kukan nisa, abin da sauƙi. Amma ka zo har gindin abu, kana jin muryar limaminsa, kai kuma kana guge wa waɗanda suka je suka dawo haraminsu, wannan sai wanda ya ɗanɗana.

Masauki na samu a unguwar Tandabawi, a gidan wata dattijuwa, Hajja Batula. Kakanninta da ƙafa suka zo, ta Cadi da Sudan, ita kuwa a nan aka haife ta. Hausarta rabi Larabci ce. Ranar da ta fara ganina ta ce, "Ya waladi, ish fik? Kai ba ka da nama a jiki. Zauna ka ci ful." Ta turo mini kwanon wake da gurasar tamis mai zafi. Tun daga ranar ba ta taɓa barina na fita da yunwa ba, Allah Ya saka mata.

Ɗakin mu biyu ne. Abokin zamana Isufu, mutumin Damagaram, yana tuƙa bas a Kudai. Da ya ji daga inda na fito sai ya miƙe ƙafa ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah Ya aiko mini bawa. Bakano, ga takalmina nan, a goge."

Na ce, "Badamagare, yaushe kuka fara sa takalmi?"

Kowa ya san tsakaninmu da Damagarawa, wasa ne tun na kakanni, ba a fushi. Wannan wasan shi ya riƙe ni a watannin farko. Shi ne kuma ya rufe mini ido daga baya.

Isufu ba direba ba ne tun asali. Malamin Faransanci ne a lakwal, makarantar bokonsu. Ya fara rubuta wani babban littafi don ƙarin karatu, albashi ya yi ta tsinkewa, iyali suka ƙaru, sai ya ajiye ya taho. Littafin a kan wani Bafaranshe yake, wanda ya rasu tun kafin a haife mu. Isufu yana da tarin maƙalun mutumin a wani kundi da bangonsa ya ɓare, yana ajiye shi a ƙarƙashin matashi. Sunan mutumin ya gagari harshena, sai na sa masa Mai Wake.

Dalilin sunan kuwa, ga yadda Isufu ya ba ni labarinsa a ranakun Juma'a bayan masallaci, lokacin da mu biyun muke samun hutu. Ɗan wani baduku ne a wani ƙaramin gari mai yawan ruwan sama. Ƙirjinsa ba lafiya tun yana yaro, don haka ya fi zama a ɗaki. Ya yi malanta, ya bari. Bai taɓa tsara waƙa ba, bai taɓa ƙirƙirar labari ba. Aikinsa shi ne ya karanta littafin wani, ya rubuta a jarida abin da ya gani a ciki. Ya kuma yi rubuce-rubuce a kan tsufa, da tafiya a ƙafa, da dalilin da ya sa mutane ke ƙarya idan suna ba da labarin garinsu. Idan zai auna littafi, da ƙarfi yake karantawa, da kwano a gabansa da busasshen wake a hannu. Duk jimlar da ya ga za a iya cire ta daga wannan littafi a dasa a wani ba tare da kowa ya lura ba, sai ya jefa wake ɗaya.

Na ce, "To in kwanon ya cika?"

"Sai ya rubuta cewa ya cika."

"Ko na abokinsa ne?"

"Na amininsa ma ya fi cika," in ji Isufu. "Aminin ya yi littafi a kan teku. Mutumina ya rubuta cewa aminin nasa a littattafan wasu ya kalli teku, bai jiƙa ƙafarsa ba. Har suka mutu ba su sake gaisawa ba."

Na ce, "Allah Ya raba mu da irin wannan aboki. A garinmu irinsa ko aure ba a ba shi."

Isufu ya ce, "Shi ma bai samu ba." Muka yi dariya.

Wata Juma'a na gama waƙata. Na rubuta ta da tawadar da na zo da ita, na yi mata wasali da ja. Na ce wa Isufu ya zauna ya ji, don shi zai karɓi amshi mu ɗauka a waya mu aika wa Malam. Ya zauna. Muna cin dabino a lokacin, sai na ga ya tattara ƙwallayen a tafin hannu, ya jawo kofin silba da muke shan ruwa ya ajiye a gabansa.

Na fara. Na yabi garin dabino mai inuwa. Ƙwal! ƙwallo ya faɗa kofi. Na kawo ayarin raƙuma suna tafe da masoya cikin sahara. Ƙwal! Na ce iskar asuba ta kawo mini ƙanshin kwarin mai albarka, hawayena ya zama kogi. Ƙwal, ƙwal! Ni kuwa ina rerawa ina dariya, ina ce masa, "Ci gaba, bawan Kanawa, hassada ga mai rabo taki." Na ɗauka wasanmu ne na kullum. Ban kawo komai a raina ba, har na kai ƙarshe, ƙwallayen suka ƙare a hannunsa.

Na jawo waya na ce, "To, an gama wasa. Ga amshin, ka riƙe shi."

Sai ya ce, "Malam Haladu, ba zan karɓa ba."

Tun da muka haɗu bai taɓa kirana Malam Haladu ba.

Ya ce, "Awonta daidai, muryarka da daɗi. Amma ina kake a cikinta? Tun da ka zo garin nan ka ga raƙumi? Wace iskar asuba ke shiga ramin da kake guga? Waƙar nan a soron Malaminka ka rubuta ta, a nan kwafe ta kawai ka yi."

Raina ya ɓaci. Na ce masa mu ba haka muka gada ba. A wurinmu baiti kamar buta ne a ƙofar masallaci, wanda ya zo ya ɗauka ya yi alwala ya ajiye wa na baya. Hannuwan bayin Allah da suka taɓa shi su ne albarkarsa.

Ya ce, "In awo kake nufi, na yarda. Amma tsohon nan ba buta ya aike ka ba, ruwa ya aike ka. Kai ka ce mini ɗan amshi shaida ne. Yaya zan yi shaidar abin da ban gani ba, kai ma ba ka gani ba? Ga alkawarina: ranar da ka kawo wadda kofin nan zai tashi wayam, ko a tsakiyar Kudai ne zan karɓa maka."

Na ce, "Wato mutumin da bai taɓa fuskantar alƙibla ba shi zai auna mini begen Makka? Kai kuma me ka taɓa rubutawa? Littafin naka ina yake? Mai Wake ya mutu ba aboki, kai ma hanyar ka ɗauka."

Ya juye ƙwallayen a kwandon shara, ya wanke kofin, ya kife shi. Daga ranar muka koma sallama da amsa sallama. Ɗaki ɗaya, fanka ɗaya, kowa da shayinsa. Wanda bai taɓa gaba da abokin ɗaki a ƙasar baƙunta ba bai san ƙunci ba.

Na shiga neman wani ɗan amshi. Jikokin Hajja Batula manya ne, amma Hausarsu ba ta wuce "sannu" da "ina kwana" ba. Na samu wani magini Bakatsine, ya karɓa sau biyu ya ce ana jiransa a shugul, wato wurin aiki. Daga ƙarshe na dace da mai gadin masaukin alhazan nan na Jarwal, wani Bazamfare mai murya kamar sarewa. Duk baitin da na yi sai ya ce, "Masha Allah, Malam, tsigar jikina ta tashi!" Muka ɗauka a ƙarƙashin bene. Na aika wa Yaya Rabi, babbar 'yar Malam, don ita ke riƙe da wayar gidan. Na ce a raina, to Badamagare, ga ta nan ta tafi ba da kai ba.

Amsa ta yi jinkiri. Da ta zo, muryar Yaya Rabi ce.

"Haladu, ya aiki, ya baƙunta? Malam ya ji, ya sa albarka. Amma ya ce in faɗa maka, wannan Makkar ya san ta tun kana goye, shi ya koya maka ita. Ya ce ta wurinka yake jira." Sannan ta ce, "Jikin nasa fa sai addu'a. Ya daina fitowa soro. In za ka yi, ka yi."

Na saurari saƙon a tsaye, dutsen guga a hannuna, har na ƙona wuyan wata jallabiya, mudir ya yi ta faɗa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, makaho a ƙasar Kano da mataccen Bafaranshe sun haɗu a kan magana ɗaya, ni da nake da ido kuma nake Makka ni ne a waje.

Na koma gida na karanta wa Hajja Batula waƙar, ko zan samu mai goya mini baya. Tana tsinke ganyen mulukiyya, wato lalo, tana ji. Da na kai wurin raƙuma ta ce, "Helwa, wallah, ta yi daɗi. Amma ya waladi, ni a nan aka haife ni, raƙumi a wurin mahauta na fi ganinsa." Ta ci gaba da tsinkarta.

Na yi makonni ban iya rubuta ko harafi ba. In na ɗauki alƙalami, baitocin da na haddace ne ke rige-rigen fitowa, ina jin ƙwal a kunnena tun kafin tawada ta bushe. In na ce bari in faɗi abin da nake gani, sai kunya ta kama ni. Yaya za a sa injin wanki da warin gumi a waƙar garin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi? Ina tsoron rashin ladabi, ina tsoron ƙarya, ga saƙon Yaya Rabi yana zuwa a kai a kai: "Ya sake tambaya." Har aikin hajji ya zo, igamata ta fito, amma aiki ya ninka, wanki har rufi. Mutanen duniya suka tafi Arfa, ni ina rami.

Bayan an sauko daga Mina, ina lalube aljihun wata tsohuwar jallabiya kafin in jefa ta inji, sai na ji wani abu mai tauri. Tsakuwa ce guda, irin ta jifan Shaiɗan. Da na ga dama da na yar. Amma na duba lambar ɗakin da ke jikin rigar, na hau sama. Wani tsoho ne a kwance, fari, ƙafafunsa a kumbure, ban san ƙasarsu ba. Na buɗe hannuna na nuna masa. Ya dube ta, ya nuna ƙafafunsa, ya nuna wani gado da ba kowa a kai, ya kwatanta jifa da hannu. Na gane: da kansa ya tsinci tsakuwoyinsa, ƙafa ta gaza, wani ya je ya jefa masa, wannan ɗaya ta maƙale a aljihu. Ya karɓa ya damƙe, ya kama hannuna da duk kantar guga ta cinye, ya yi ta addu'a da harshen da ban sani ba. Ni ma na ce amin da harshen da bai sani ba.

Ina saukowa bene baiti ya zo mini, ba daga soro ba. Na rubuta shi da biro a bayan kwalin sabulu. Daga ranar waƙar ta yi ta zuwa, ba da sauri ba. Na sa tagar nan da ƙafafun da ke wucewa: masu silifa, masu faso, da na yara da ake ja. Na sa goben mudir. Na sa ful ɗin Hajja Batula. Na sa tsoho da tsakuwarsa. Na sa ranar da na samu shiga Harami bayan dogon lokaci, gajiya ta sa na yi gyangyaɗi a gaban Ɗakin da na yi shekaru ina kuka in gani, na farka ina istigfari. Amshin kuwa shi ne:

Makka, ga ni a ƙarƙashinki,
Ina ta guga, ina jin kiranki.

Na gama, amma girman kai ya hana ni buɗe baki. Ina kallon kofin a kife a kan taga, Isufu na shiga yana fita. Na lura ya rage kaya, ban tambaya ba. Hajja Batula ce ta tare ni wata safiya a bakin ƙofa.

"Inta majnun? Ɗan'uwanka kafilinsa, maigidan aikinsa, ya sayar da motoci, ya buga masa huruj, takardar barin ƙasa, yau zai tafi Jidda ya hau jirgi. Kai kana nan kana kumbura kamar tamis! Ruh, maza!"

Na je Jarwal na roƙi mudir ya ba ni rabin yini. Ya ce, "Bukura." Na ce masa yau dai goben nan ba za ta yi ba. Na zare wayar dutsen guga, na koma Tandabawi na ɗauki kofin da ƙullin dabino, na nufi Kudai.

Na same shi a inuwar wata rumfa, zaune a kan akwatinsa, kundin Mai Wake a cinyarsa. Rana ta take, motoci na ta hon. A daidai wajen da na tsaya ranar da na sauka. Na yi sallama, na ajiye kofin a gabansa, na zube dabinon.

Ya dubi kofin, ya dube ni. Ya ce, "Bakano, ka makara. Bawan kirki da sassafe yake rako ubangidansa."

Da na ji ya ce Bakano sai na samu wuri na zauna a ƙasa. Na ce, "Ci dabino, Badamagare, ka tara makamanka."

Ya ci, ya tara ƙwallaye a hannu. Na buɗe takarda. Kamar yadda aka koya mana, na fara da sunan Allah, na yi salati ga Annabi da alayensa da sahabbansa. Baitoci ne irin waɗanda kowane mai waƙa a ƙasarmu yake buɗewa da su. Na ga ya ɗaga hannu a kan kofin, ƙwallo tsakanin yatsunsa. Na tsaya.

Na ce, "Wannan ba zan cire ba, ko kofin zai fashe."

Hannun ya daɗe a sama. Sannan ya sauke shi. Ya ce, "Da mutumina ne, da ya jefa. Ni ba zan iya ba. Wannan butar ta kowa ce. Wuce."

Na wuce. Na kawo rami, na kawo taga. Da na kai inda na ce

Gumin baƙinki ni ke wankewa,
Sun ga Ɗakin, ni ina ninkewa,

sai na saci kallonsa. Kansa a sunkuye. Na kawo tsoho da tsakuwa, na kawo gyangyaɗina. Ina rerawa kunnena na kan kofin. Har na kai baitin ƙarshe da na ambaci sunana da na Malam, ban ji ƙwal ba.

Ya ɗauki kofin ya leƙa ciki, kamar bai yarda da kansa ba. Ya ce, "Akwai wurin da awo ya yi ɗingishi, wajen mudir."

"Na sani."

"Kada ka gyara. Mudir ɗin ma ɗingishi yake da gaskiya. Kunna wayar, motata ta kusa."

Na ɗora waya a kan akwati muka ɗauka. A ranar na gano cewa Isufu ba shi da murya ko kaɗan. Amshinsa kamar ana jan ƙofar bas mai tsatsa. Amma bai ci harafi ɗaya ba, bai kuma yi ƙasa da murya ba don kunyar mutane. Wasu direbobi da suka san shi suka tsaya suna kallo, wani ɗan Sudan yana kaɗa kai. Ana ihun "Jidda, Jidda, yalla!" a bayanmu, shi yana ta "Ina ta guga, ina jin kiranki", mutumin da bai taɓa riƙe dutsen guga ba.

Muna gamawa ya miƙe. Na ce masa maganar da na yi a kan littafinsa ya yafe. Ya ce, "Gaskiya ka faɗa, ita ce ba ta da daɗi. In na ƙarasa shi zan aiko maka, ka tanadi wake." Ya zuba mini ƙwallayen a tafin hannu, ya ja akwatinsa ya hau.

Tun motar ba ta fita daga tasha ba na aika wa Yaya Rabi.

Amsar ta same ni a rami, ina tsaye ina shan faɗan mudir. Na koma bayan injuna na kunna. Wannan karon ba Yaya Rabi ba ce. Numfashi na fara ji, mai nauyi, sannan muryar Malam, ta shige ciki ƙwarai.

"Haladu. Na ji zafin wurin nan har a fuskata. Na ga ƙafafun. Ƙarar me nake ji a bayanku, motoci? To, na zo, alhamdu lillahi, na zo." Ya yi tari. Sai na ji yana jan amshin a hankali, shi kaɗai, har ƙarshensa. Sannan ya ce, "Wane ne ɗan amshin nan? Murya kamar ta jaki, amma ya yarda da abin da yake faɗa. Harshensa na Damagaram ne ko? Ka ce masa na karɓi shaidar bawanmu."

Na tura wa Isufu saƙon yadda yake, ban ƙara komai ba. Da ya sauka gida ya amso, ina jin hayaniyar 'ya'yansa a bayansa.

"Bakano, ka gaishe mini da tsohon nan, ka ce masa shi ma Bafaranshe ne bai sani ba. Bashin amshinka kuwa na biya. Kada ka sake bina."

Na ce, "Ka biya." Na mayar da wayar aljihu, inda ƙwallayen suke, na jona dutsen guga.